Fili Ɗaya, Masu Shi Uku

Ka bi ta Rijiyar Zaki ko Ɗorayi ko Mariri a Kano, ko Rigasa a Kaduna, ko Mararraba a bakin Abuja, ka riƙa duban katangu. Ba za ka yi nisa ba za ka ga an rubuta da jan fenti ko da gawayi cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Wani ya ƙara da lambar waya, wani ya ƙara da Allah ya isa. Ido ya saba da rubutun har mun daina tsayawa mu karanta, alhali mugun labari yake ba mu. Mun kai lokacin da mutum zai yi tafiyar wata uku, ya dawo ya tarar da baƙo yana zuba yashi a ƙofar kangonsa, ga takarda a hannu, ga shaidu, ga hatimi.

Damfarar filaye da gidaje ta zama sana'a. Tana da iyayen gida, tana da yara, tana da ofis da kati da shafi a Facebook. Kuma ba attajiri take ci ba. Attajiri yana da lauya, yana da wanda zai aika ma'aikatar filaye, in ma an cuce shi a fili ɗaya yana da wasu goma. Wanda take ci shi ne malamin firamaren da ya yi ritaya aka biya shi giratuti da ƙyar, da ma'aikaciyar jinya mai zubin adashi uku, da direban da ya sayar da motarsa, da matar da ta fita takaba ta haɗa tumuninta da ɗan kunnen gwal don ta sama wa marayu inda za su sa haƙarƙarinsu. Wato mai sayen gidan farko, wanda in wannan kuɗi ya salwanta, da wuya ya sake tara irinsa kafin ƙasa ta rufe idonsa.

Sai wanda ya yi zaman haya ya san abin da ke tunzura irin wannan mutum. Ya san layin banɗaki da asuba. Ya san faɗan matan gida a kan kuɗin wuta da sharar tsakar gida. Ya san ranar da mai gida zai yi sallama da murmushi ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, yaron nan ne zai yi aure," alhali kowa ya san wani ne ya yi tayin da ya fi. 'Ya'yansa sun canza makaranta sau nawa saboda tashi, shi kansa bai riƙe ba. Daga 2023 kuwa abin ya ƙara zafi. An cire tallafin mai, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Kuɗin da mutum ya tara sai ya zama kamar ƙanƙara a tafin hannu cikin watan Afrilu. Duk wanda ya gan shi sai ya ce ya yi maza ya zuba su a ƙasa. Shawarar ba ƙarya ba ce, amma a bakin wannan gaggawar ɗan damfara yake tsugune.

Akwai kuma wani giɓi da ba a cika kula da shi ba. A ƙasashen da ake sayen gida da lamunin banki, bankin ne da kansa yake tura lauyansa ya binciki asalin gidan, domin kuɗinsa ne a ciki. Mu nan, tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire wa ma'aikaci kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa, amma mafi yawan ma'aikata har su yi ritaya ba su ga makullin da asusun ya saya musu ba. Wasu kuma ko an ba su ba za su karɓa ba saboda gudun riba. Don haka talaka da kuɗinsa yake saye, lakadan, a zama ɗaya, ba wata hukuma a bayansa da za ta ce tsaya mu duba. Shi ne mai saye, shi ne mai bincike, shi ne kuma zai yi kuka shi kaɗai.

Babbar kasuwar wannan ɓarna ita ce awon igiya. Wani ya sayi gona a hannun manomi a Kumbotso ko Ungogo ko Gezawa, ya zo da yara da igiya da turaku, a yanka ta ƙafa hamsin da hamsin, a bar lungun da ko mota ɗaya ba za ta shiga ba, babu wurin magudanar ruwa, babu wurin makaranta, balle maƙabarta. Takardar ciniki kuwa a shagon kwamfuta ake buga ta, mai sayarwa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, mai unguwa ya buga hatimi. Ba zan ce duk awon igiya cuta ba ne. Da yawa daga sababbin unguwanninmu a kansa suka tashi, kuma gwamnatocin da suka kasa yanka filaye masu araha ba su da bakin zagin wanda ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai. Illarsa ita ce babu kundi guda da za a buɗe a ga fili lamba kaza na wane ne. Inda babu kundi kuwa, fili ɗaya yana iya fita sau uku: a sayar wa ɗan kasuwar da ke Legas a watan azumi, a sayar wa wata Hajiya bayan babbar salla, a sayar wa malamin makaranta da kaka. Kowa da takardarsa a ƙarƙashin katifa, kowa yana tara kuɗin bulo. Ba za su san juna ba sai ranar da ɗayansu ya kai magina.

Gidan gado ya fi wannan ɗaure kai, don shi mai sayarwa ba baƙo ba ne, a gidan aka haife shi, duk unguwa ta san shi. Babban wa ne zai riƙe takardun mahaifinsu, ya ce ƙannensa sun wakilta shi. Ba a tambayi 'yar'uwar da ke aure a Zariya ba, ba a tambayi ƙanin da ke neman kuɗi a Kudu ba, ba a ware rabon marayun ɗan'uwan da ya rasu bayan uban ba, balle a tuna da matar uban da ba ita ta haife su ba. Mai saye ya biya, ya yi fenti, ya tare. Bayan shekara biyu sammaci ya iso daga kotun shari'ar Musulunci. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da shi, mutum ba shi da ikon sayar da rabon wani ba da izininsa ba, kuma abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya farashin da aka yi ciniki ya karɓe rabon da aka sayar wa bare. Ko ta wace ƙofa aka bi, baƙon da ya biya shi ne a waje.

Sai kuma filin da kowa ya san ba na zama ba ne, in ban da wanda ake so ya saya. Kano gari ne mai kududdufai, ramukan da kakanni suka haƙa don ginin ƙasa, waɗanda suka zama matattarar ruwan sama. Yau ana cike su da shara da ɓaraguzai, a shafe sama da jar ƙasa, a yanka fulotai. Ruwan da aka kora bai bar garin ba. Zai dawo a watan Agusta ya nemi wurinsa, ko cikin ɗakin wanda ya saya ko cikin na maƙwabcinsa. Dillali ba ya kai mutum irin wannan wuri sai da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ta yi kyau. Haka ake sayar da bakin rafi, da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da gefen layin dogo, da jikin ganuwa, da burtalin shanu. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, amma rani na zagayowa aka ci gaba da awo a hanyar ruwa kamar ba a yi ba.

Ya kamata duk mai shirin saye ya san wani abu guda game da doka, don jahilcinsa shi ne jarin masu cuta. Tun watan Maris na 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, Dokar Amfani da Filaye ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana a madadin jama'a. Abin da kake saya ba ƙasar ba ce, haƙƙin zama a kanta ne. A cikin birni gwamna ke bayar da wannan haƙƙi, galibi na shekara 99. A karkara, ƙaramar hukuma. Dokar ta ce mai riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a 1989 cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Gwamna yana iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyya kuma ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ga wanda doka ta sani a matsayin mai haƙƙi. To ina matsayin hatimin mai unguwa a nan? Shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa. Tana da amfani a gaban alƙali, amma ba ta mayar da filin makaranta ya zama naka, kuma ba ta tsayar da katafila.

A Abuja abin ya fi tsauri. Ƙasar babban birnin tarayya ta gwamnatin tarayya ce tun dokar 1976, ministan birnin ne kaɗai ke da ikon bayar da fili. Duk da haka har gobe ana sayar wa mutanenmu filaye a gefen gari da takardar sarkin ƙauye, su kashe abin da suka tara, su zauna suna jiran ranar jan fentin rusau. An ga yadda rusau ya kasance lokacin da El-Rufa'i yake minista daga 2003 zuwa 2007, amma ba a daddara ba. A Kano ma, rusau na watan Yunin 2023 ya ci shagunan Filin Idi da gine-ginen tsohon Otal ɗin Daula, masu su suna cewa da takardun gwamnatin da ta gabata suka gina. Har kotun tarayya ta yanke wa masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka daidaita a kan biliyan 3. A watan Fabrairun 2025 kuma tsohon rikicin fili tsakanin mazauna Rimin Zakara da Jami'ar Bayero ya kai ga rusau da asarar rayuka. Ba shari'ar wa ya fi gaskiya nake yi a nan ba. Abin lura shi ne, 'yan kasuwa masu ƙungiya da lauyoyi ma sai da suka sha wuya, ina ga mai ciki da falo a filin da wata hukuma take da'awa?

Sabon salo kuma shi ne na kamfanonin biya-kaɗan-kaɗan. Talla a rediyo da TikTok, hoton gidaje masu jan kwano da kwamfuta ta zana, bas kyauta zuwa wani daji a nuna maka allo. Akwai na ƙwarai a cikinsu. Amma wanda ya kasa nuna maka takardar mallakar filin gaba ɗayansa da taswirar da hukumar tsara birane ta amince da ita, rasit yake sayar maka, ba fili ba.

Yanzu bari mu zo ga waɗanda ba sa son a ambace su. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan damfara shi kaɗai ba ya iya sayar da ko taku ɗaya. Yana buƙatar dillali, dillali kuma yana da jerin 'yan kayi-nayi a bayansa, kowa yana jiran ɗan abin da zai faɗo daga la'ada, ba mai tambayar asalin kaya. Kai dillali, kana karɓar la'ada hannu biyu, daga mai saye da mai sayarwa, amma ranar da rigima ta tashi sai ka ce kai haɗa su kawai ka yi. Wannan magana ba ta fisshe ka ba. Mutumin bai san mai filin ba, kai ya sani. Fuskarka ya saya. Ranka ya daɗe mai unguwa, hatimin nan ba naka ba ne, amanar sarauta ce. In ka buga shi a takarda biyu a kan fili ɗaya, ko dai ba ka riƙe littafi, ko kuwa ka riƙe ka kau da kai, kuma ba ɗaya daga ciki da ya dace da rawani. Akwai masu unguwannin da suke ƙin sa hannu sai sun taka sun ga wuri sun kira maƙwabta, ana ce musu masu taurin kai. Da irinsu suka yi yawa da wannan rubutu bai zama dole ba. Kai kuma dattijon da aka tara a bakin masallaci aka ce zo ka sa mana hannu, ka sa, aka ba ka na goro: shaida ka yi a kan abin da ba ka sani ba, kuma ka ji abin da malamai ke faɗa game da shaidar zur da cin taƙi ɗaya na ƙasar wani. Na cikin ofis da ke ɓatar da fayil, ko ya fitar da takarda biyu a lamba ɗaya, shi ya fi kowa laifi, domin shi ne mafakar ƙarshe da talaka yake tsammani.

Abin da ya fi ba ni haushi duk cikin lamarin shi ne yadda ake kashe maganar. Asiri ya tonu, an je wurin 'yan sanda ko gaban hakimi, sai manya su shiga. "A rufa asiri, mai iyali ne." "A yi sulhu, ai zai biya." Sai a rubuta cewa zai mayar da kuɗin da ya karɓa, kashi-kashi. Mu duba lissafin. Wanda ya karɓi miliyan biyu a 2021 ya juya su shekara uku, sannan ya fara mayar da miliyan biyun nan a 2024, dubu ɗari yau, dubu hamsin bayan salla. Kuɗin da a da za su sayi fili su ɗora harsashi, yanzu ko rabin filin ba za su saya ba. Wato ɓarawo ya sami bashi marar ruwa, ba jingina, ba wa'adi, wanda aka cuta kuma shi ya biya kuɗin mota da na rubuta ƙara. Wace sana'a ce ta fi wannan riba? Shi ya sa mutum ɗaya yake yi ya sake yi, ya je Umara ya dawo, a ba shi sahun gaba. Sulhu alheri ne tsakanin waɗanda suka saɓa bisa kuskure. Wanda ya buga takardar bogi da gangan ba saɓani ya yi da kowa ba, sata ya yi, kuma dokar Final Kod da dokar damfara ta 2006 duk sun tanadi ɗauri a kansa. In har za a yi sulhu, to a biya mutum da fili irin nasa ko da farashin yau, kuma sunan mai laifin ya shiga kunnen ƙungiyar dillalai da fadar hakimi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai saye yana da nasa rabon, kuma abu biyu ke kai shi ƙasa: kunya da ɓoyo. Kunya ce ke hana shi tambayar Alhaji mai farin gemu inda ya samo filin, kada a ce ya raina dattijo. Ɓoyo kuwa, tsoron hassada ya sa ba ya gaya wa kowa zai sayi gida, ko ɗan'uwansa da ya san unguwar ciki da bai, sai bayan ya biya. Ɗan damfara ya san wannan hali namu sarai, har shi ne zai ce maka, "Ka san mutane, kada ka bari a ji sai an gama." Duk cinikin da aka ce a yi shi a ɓoye kuma a yi shi yau, an riga an gaya maka ko wane iri ne.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne, wahala ce kawai da 'yan kuɗi kaɗan. In fili mai takardar gwamnati ne, a kai lambarsa hukumar bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a nemi bincike a rubuce: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki ko a'a, akwai ƙara a kansa ko babu. A leƙa hukumar tsara birane, KNUPDA ko KASUPDA, a ji ko hanya za ta bi ta wurin. In awon igiya ne, a ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauko ma'aunin wurin a gwada da taswirar gwamnati. Ka koma unguwar kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka zauna wurin mai shayi, ka gai da maƙwabcin gabas da na yamma, ka tambayi wanda ya fi kowa daɗewa. In da hali ka ga wurin bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ka bi salsalar cinikin baya-baya har zuwa manomin farko ko magadansa. Gidan gado kuwa kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, ko duk magada sun hallara, mata da maza, kowa ya sa hannu da kansa. Ka biya ta banki, cikin asusun mai sunan da ke kan takarda, ba na dillali ba, ba na ɗansa ba. Kuɗin lauya da na safiyo ba su kai kuɗin tayil ɗin falo ba, amma su mutane suka fi jin ƙyashin biya. In ciniki ya faɗa, ka kewaye, ka sa ƙofa, ka fara neman takarda da sunanka tun kafin ka sayi labule.

Ina da magana ta musamman ga mata. Da yawa sukan miƙa kuɗinsu ga miji ko wa ko ƙane ya saya musu, takarda ta fito da sunansa, a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ranar da ya faɗi ya mutu, gidan ya shiga gadonsa, ke da kika biya ki koma neman shaidu a gaban kishiya da 'yan'uwan miji. Shari'a ta ba ki ikon mallakar dukiyarki, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuma a kan rubuta mu'amala da kafa shaidu ta sauka. Ki sa a rubuta sunanki, ki riƙe takardar a hannunki.

Za a matsa maka, wannan tabbas ne. Dillali zai kira ka da daddare ya ce, "Yallaɓai, wallahi wani Alhaji zai kawo kuɗi gobe da hantsi, don dai ni kai nake so ka samu." Mai fili zai ɓata rai ya ce shi ba a taɓa bincikarsa ba. Za a rage maka farashi har ka ji kunyar tashi. Ka ce a ba ka kwafin takarda da mako biyu. In sun ƙi, ka bar wa Alhajin, ka sa takalminka, ka je ka lallashi mai gidan haya ya ƙara maka shekara.